Tafiya da Babur Zuwa Ƙasar Sanyi

1. DALILIN WANNAN LABARI

Ku mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba wanda zai koya muku hawan babur. Da shi ku ke kai masara kasuwar Ɗandume, da shi ku ke kai majinyaci asibiti, da shi ku ke zuwa ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Aikin da doki da jaki suka yi wa kakanninmu, yau babur ke yi mana shi. Saboda haka saurayinmu in ya ji za a yi doguwar tafiya da babur, sai ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne."

To, tafiyar fili daban, tafiyar bisa duwatsu daban. Akwai wurare cikin Nijeriya inda hanya ta ke hawa sama har matafiyi ya shiga cikin gajimare, sanyi kuwa ya kama hannunsa har ya kasa matsa birki. Ni da abokaina uku mun yi irin wannan tafiya wata shekara cikin hunturu, tun hanyoyinmu ba su ɓaci da ɓarayin daji ba. Mun tashi daga Funtuwa, muka bi ta Jos, muka ƙare a Gembu bisa tsaunin Mambila. Mun tafi mu huɗu, mun komo mu huɗu, amma saura kaɗan mu komo mu uku. Abin da ya jawo haka, da abin da ya cece mu, shi na ke so in bayyana muku.

Ga waɗanda muka tafi tare. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi, mutumin Sabuwa, shi ne babbanmu. Akwai wani makanike mutumin Faskari. Akwai wani saurayi mutumin Ƙanƙara, shi ne ƙaraminmu, muna ce da shi Auta. Sai ni, akawu, wanda aka ɗora wa riƙon kuɗin guzuri da rubuta abin da aka gani. Kowa da babur nasa, irin ƙananan nan da ku ke hawa kullum.

2. DAGA FUNTUWA ZUWA JOS

Funtuwa ita ce mahaɗarmu, gama na Sabuwa ya kan fito ta Ɗandume, na Faskari ta Sheme, na Ƙanƙara kuwa ta Sheme ko ta Malumfashi. Daga Funtuwa zuwa Zariya kamar kilomita 75 ne. Daga Zariya sai a yi gabas maso kudu, a bi Pambeguwa da Saminaka, tafiyar kamar kilomita 240 kafin Jos. Bayan Saminaka ne hanya ta ke soma hawa, duwatsu su taso gaban mutum kamar ganuwa.

Masu awon ƙasa su kan auna tsawon kowane gari daga bakin teku, domin teku shi ne shimfiɗe daidai ko'ina cikin duniya. Ƙasarmu tana bisa teku da kamar mita 600. Jos kuwa tana bisa teku da kamar mita 1,200, watau ninki biyu ke nan. Duwatsun Shere da ke gabas da garin sun kai wajen mita 1,800.

Ba mu ne na fari daga Arewa da suka ɗanɗana sanyin wannan tudu ba. Kuza ce ta jawo Turawa can, har suka shimfiɗa ƙaramin dogo daga Zariya, wanda ya isa Jos da Bukuru cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin Ingilishi ta ɗebi talakawa dubbai daga lardunan Arewa, aka kai su haƙar kuza bisa tilas. Sun tafi da 'yan rigunan da suka saba sawa gida. Da yawa ba su komo ba, sanyi da ciwon haƙarƙari da ƙarancin abinci suka gama da su. Wanda ya san wannan labari ba zai raina sanyin dutse ba.

Daren da muka kwana Jos, Auta ya tashi da asuba yana rawar ɗari. Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai yaro, sunan garinku Ƙanƙara, ashe ba ka san ta ba sai a suna?" Muka yi dariya. Auta ya ce, "Baba Alhaji, in rana ta fito ai shi ke nan." Ya ƙi sayen rigar sanyi a kasuwa, wai kuɗinta ya yi yawa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

3. ME YA SA BISA DUTSE YA FI SANYI?

Mai hankali zai tambaya, ya ce, "Wanda ya hau dutse ai ya matsa kusa da rana, don me ba zai fi jin zafi ba?" Tambaya ce mai kyau, ga amsarta.

Nisan rana daga duniya kamar kilomita miliyan 150 ne. Hawan dutse mai kilomita biyu bai rage kome daga wannan nisa ba, kamar mutum ne ya tashi zuwa Makka a ƙasa, ya yi taki ɗaya, ya ce ya kusa. Kuma hasken rana ba ya ɗumama iska sosai sa'ad da ya ke ratsa ta. Ƙasa ya ke ɗumamawa, sa'an nan ƙasa ta ɗumama iskar da ke kwance kanta, kamar yadda tanda ke gasa waina daga ƙasa.

Har wa yau iska tana da nauyi. Ta ƙasa tana danne, domin duk ta sama tana kanta, kamar buhun da ke ƙarƙashin tari cikin sito. In iska ta hau sama, nauyin da ke kanta ya ragu, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Kuna iya gwada wannan da kanku. Ku buga wa taya iska da famfo, ku taɓa gindin famfon, za ku ji ya yi zafi, gama an matsa iskar. Sa'an nan ku buɗe bakin tayar, ku tara hannu, za ku ji iskar da ke fita da sanyi, gama ta sami sarari ta buɗe.

Akwai ma'aunin zafi, wanda aka raba shi gida gida, kowane gida ana kiransa digiri. A kan 0 ruwa ke daskarewa, a kan 100 ya ke tafasa a bakin teku. Masana sun auna, sun iske duk hawan mita 1,000 zafi ya kan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Da asubar hunturu a ƙasarmu ma'auni ya kan sauka wajen 13, kowa ya kama jin wuta. A Jos da Mambila kuwa ya kan sauka ƙasa da 10. Wannan doka ɗaya ce ko'ina. Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya yana tsakiyar ƙasashen zafi, amma da ya ke tsawonsa mita 5,895 ne, akwai ƙanƙara a ƙwanƙolinsa.

4. SAUKA KWARI DA HAWAN MAMBILA

Daga Jos muka gangara Bauchi, kamar kilomita 130, muka wuce Gombe, kamar kilomita 155, muka kwana. Kashegari muka bi Kaltungo zuwa Numan, inda kogin Gongola ya ke zuba cikin Binuwai. Nan ƙasa ta yi kwari ƙwarai, zafi ya dame mu har muka tuɓe rigunan sama. Muka haye gada, muka kwana Jalingo, babban birnin Jihar Taraba. Rana ta huɗu muka bi Garba Chede da Bali, muka sauka Serti. Jimlar tafiyar daga gida zuwa Gembu ta haura kilomita 1,200, kwana biyar muka yi.

Gaba da Serti akwai wani gari sunansa Mayo Selbe, a gindin tsauni. Daga nan hanya ta ke miƙewa sama, tana nannaɗewa jikin dutse kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Cikin ɗan lokaci mutum zai hau mita 1,000 ko fiye. Kun ga bisa lissafin da muka yi, wanda ya bar gindin dutse yana gumi zai isa sama zafi ya ragu da digiri 6 ko 7, kafin ma a sa faɗuwar rana cikin lissafi. Wannan shi ne tarkon Mambila, zafin kwari ya kan sa mutum ya manta da abin da ke jiransa sama.

5. SANYIN MAI BABUR YA FI NA MAI ƘASA

Hausawa sun raba abin gida biyu. Akwai ɗari, shi ne busasshe, irin na hunturunmu mai fasa leɓe da kaushi. Akwai sanyi, shi ne mai laima. Na bisa Mambila ya haɗa duka biyu, gama ko da rani hazo mai ruwa ya kan sauko da maraice da asuba, ya jiƙa tufafi ba tare da an ga ruwan sama ba.

Jikin mutum kamar murhu ne, abinci ne itacensa. Yana ɗumama 'yar iskar da ke tsakanin fata da riga, ita ce ke tsare mu. In mutum na bisa babur, iskar gudu ta kan share wannan ɗumi, jiki ya sake wani, ta sake sharewa. An lissafta cewa in ma'auni na kan 10, mai gudun kilomita 60 cikin awa zai ji kamar yana kan 5. In rigarsa ta jiƙe kuwa abin ya fi haka muni nesa, domin ruwa ya fi iska saurin janye zafi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan, iska na busar da raɓar da ke jikinta. Mai jiƙaƙƙiyar riga bisa babur ya zama randa.

Ga kuma wani abu. Mai tafiya ƙasa yana motsa jiki, murhunsa na ci. Mai babur zaune ya ke, hannuwansa na gaba cikin iska, su ne kuwa masu riƙon kai da birki.

Saboda haka tufafi uku marasa kauri sun fi guda mai kauri: ta ciki busasshiya, ta tsakiya mai ɗumi irin ta ulu, ta waje wadda iska da ruwa ba su ratsa ta. A sa safar hannu da safar ƙafa da takalmi rufaffe. A naɗe wuya. A sa hular kwano, tana tsare kai daga sanyi da kwalta gaba ɗaya, tun ran 1 ga Janairu 2009 ma Hukumar Kiyaye Haɗura ta tilasta sa ta. A ajiye riga guda cikin leda, kada a taɓa ta sai ran wahala. Wanda ba shi da kuɗi ya cusa tsohuwar jarida ko kwali a ƙirjinsa ƙarƙashin riga, yana tare iska ƙwarai.

6. ABIN DA YA SAMI AUTA

A Mayo Selbe tayar Alhaji ta yi faci. Auta, da ya ke yaro ne mai ladabi, shi ya yi ta buga famfo cikin rana har rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Faci ya ci mana lokaci, ba mu soma hawa ba sai bayan la'asar. Makanike ya ce mu kwana nan, Alhaji ya ce ai saura kaɗan. Ni ma na goyi bayan Alhaji, laifin da na ke tunawa har yau.

Muna kaiwa sama rana ta faɗi, hazo ya rufe mu, fitila ba ta nuna abin da ya wuce taki goma. Makanike shi ke baya. Ya lura babur ɗin Auta na tangaɗi, yana cin gefen hanya wajen rami. Ya yi ta danna ƙaho har muka tsaya. Na ce, "Auta, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam, mu tafi." Amma maganar tasa a sarƙe ta ke kamar ta mashayi, haƙoransa na kaɗawa, ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa da yatsunsa.

Ga bayanin abin. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari. Da fari sai karkarwa, sa'an nan yatsu su ƙage, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, barci ya taso. In karkarwa ta tsaya alhali mutum bai sami ɗumi ba, to, abin ya yi tsanani, sai a nemi asibiti da gaggawa. Mugun abin cikin wannan cuta shi ne hankali ta ke fara sacewa. Wanda ta kama ba ya sanin ta kama shi. Auta ba ƙarya ya yi mini ba, har zuciyarsa ya ɗauka lafiyarsa lau. Da shi kaɗai ne, ko da shi ne na ƙarshe cikin jeri, da ya ci gaba har ya faɗa rami, ko ya zauna gefen hanya ya yi barcin da ba a tashi.

Muka tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga, muka sa masa busasshiyar da ke cikin ledata, Alhaji ya yafa masa bargonsa. Muka ɓoye babur nasa gefen hanya, makanike ya goya shi, ni ina biye da su kurkusa, har Maisamari, garin farko bisa tudu. Wani mai shayi ya karɓe mu, ya shigar da mu ɗakinsa, ya ba Auta shayi mai zafi da sukari da yawa, yana kurɓa kaɗan kaɗan. Haka ya kamata a yi: busassun tufafi, rufin kai da ƙirji, abin sha mai ɗumi da zaƙi in mutum na iya haɗiya. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a tura shi bakin wuta gaba ɗaya, kada a ba shi barasa ko ƙwayoyin nan da samari ke sha wai don ƙarfi, gama ruɗin ɗumi su ke kawowa.

Da za mu kwanta, mai shayi ya ɗauki kaskon garwashi ya fitar waje. Alhaji ya ce, "Haba maigida, ka bar mana wutar mana." Ya ce, "Alhaji, ka gafarce ni, ba a kwana da gawayi cikin rufaffen ɗaki." Gaskiya ya faɗa. Gawayi in yana ci ya kan fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Masu barci su shaƙe ta, sai a iske su da safe sun mutu. Ku kiyaye wannan ko a gida cikin hunturu.

7. BABUR MA YANA JIN TSAWO

Injin babur numfashi ya ke yi kamar mu. Yana zuƙar iska, ya gauraya ta da fetur, fulogi ya kunna. Mun ce iskar sama a buɗe ta ke. A tsawon mita 1,800, kamar wajen Nguroje, abin da inji ke samu cikin zuƙa guda ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar bisa na bakin teku. Saboda haka ƙarfinsa ya kan ragu, fetur ya fi iska yawa, fulogi ya yi baƙi. Wanda bai sani ba sai ya zaci babur ya lalace, ya kama kwance-kwance. Ba lalacewa ba ce. A rage kaya, a sa babbar giya mai ƙarfi, watau ta ɗaya ko ta biyu, a hau a hankali, a riƙe fulogi na ajiya. Da asuba kuma baƙin mai ya kan yi kauri don sanyi, sai a ja cok, a bar inji ya ɗumama kafin a tashi.

Wannan ƙarancin nauyin iska shi ke sa ruwa ya tafasa da wuri can sama, a wajen digiri 94. Ya tafasa, amma bai kai zafin na gida ba, don haka wake ya kan daɗe bai nuna ba.

Gangara ta fi hawa haɗari. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, daidai lokacin da a ke bukatarsa. Dokar ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe babur, birki ya zama mataimaki. Akwai wata muguwar al'ada ta kashe inji a saki babur bisa gangara don tattalin mai. A filinmu ta kan wuce lafiya. A Mambila kuwa mai yin haka ya sayar da ransa a kan kuɗin kwalba guda. A riƙe hannun dama a kowace kwana, a yi ƙaho, domin manyan motoci na saukowa da kaya.

Kafin a bar gida a duba taya da sarƙa da birki da fitila, a juye baƙin mai. A ɗauki famfo, kayan faci, tif na ajiya, sifana, filaya, da wayar kuloci. A cika tanki a kowane babban gari, kada a dogara ga 'yan bumburutu.

8. TSARIN AYARI

Kakanninmu fatake da suka je Gwanja sayen goro ba su tafi barkatai ba. Suna da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba, suna da zango sananne. Masu babur ma ayari ne, ga tsarin da wahala ta koya mana.

Wanda ya fi sanin hanya ya shiga gaba. Makanike da kayan gyara ya tsaya baya. Wanda ya fi rauni, ko ƙuruciya, a sa shi tsakiya. Kowa ya riƙa duban na bayansa cikin madubi, in bai gan shi ba ya tsaya. Ta haka in ɗaya ya tsaya duk ayari ya tsaya. Gudun ayari shi ne gudun wanda ya fi kowa nawa.

Cikin sanyi a tsaya kowace awa, a sauka, a taka ƙasa, a ci wani abu, ko gyaɗa ko dabino ko ƙuli-ƙuli. Kowa ya dubi idon ɗan'uwansa, ya sa shi magana. Kada a karɓi "lafiya lau" daga bakin mai karkarwa, a ce ya ɓalle maɓalli ya mayar, in ya kasa an isa zango ke nan. A yanke tun da safe inda za a kwana, a isa kafin la'asar sakaliya. In an makara a gindin dutse, a kwana gindin dutse. In mutum ɗaya ya ce a tsaya, uku suka ce a tafi, a bi maganar ɗayan. Sannu ba ta hana zuwa.

9. DOKA DA TSARO

Zamani ya sake tun bayan tafiyarmu. Kun san abin da ya faru ran 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wata doka wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur cikin jarka, ta hana mutum uku hawa babur guda. Irin waɗannan dokoki a kan sa su, a kan sassauta su, kowace jiha kuma da nata. Saboda haka a tambayi 'yan tasha da hukuma labarin hanya kafin a shige ta, matambayi ba ya ɓata. In aka ce ba lafiya, a fasa.

Ku tuna kuma ɓarayin daji da babura su ke yawo, jere, fuska a rufe. Baƙi huɗu masu babura, sun naɗe fuska don sanyi, abin tsoro ne ga mutanen ƙauyen da ba su san su ba. Don haka kada ayari ya yi yawa. In za a shiga gari, ko an iso shingen 'yan sanda ko na soja, a rage gudu tun daga nesa, a buɗe fuska, a yi sallama. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa da lasin da takardun babur. Tafiyar dare kuwa babu ita sam.

10. LADAN WAHALA

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya kai mutum? Da gari ya waye a Maisamari muka fito, hazo ya yaye, sai ga tuddai kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, da shanun Fulani masu ƙiba, gama ƙudan tsando ba ya son sanyi. Muka ga itatuwan turare jere, muka ga gonar ganyen shayi a Kakara, abin da mu ke sha kullum ba mu taɓa ganin itacensa ba. Mutanen ƙasar Mambilawa ne da Fulani da waɗansu kabilu, akwai Hausawa 'yan kasuwa, Fulatanci kuwa shi ya fi yawo cikin kasuwa. Can wajen iyakar Kamaru akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka Gumti.

Wannan ƙasa dā tana hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma riƙon Ingilishi. Cikin Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'a, mutanen arewacin Kamaru ta Ingilishi suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ran 1 ga Yuni na wannan shekara, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Har yanzu ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta Sardauna a ke kiranta. Na sha karanta wannan cikin takarda, amma gani ya kori ji.

Auta ya warke sarai, muka koma muka ɗauko babur nasa inda muka bar shi. A kasuwar Gembu abin da ya fara saye rigar sanyi ce, har da safar hannu, bai ko yi ciniki ba. Alhaji ya ce, "Yaro, yanzu ka san Ƙanƙara?" Ya ce, "Na san ta, Baba Alhaji. Na kuma san wanda zan sa a bayana in zan sake tafiya."

To, 'yan'uwa, wanda ya yi niyyar wannan tafiya ya tanadi riga, ya gyara birki, ya tambayi hanya. Amma kafin duk waɗannan ya zaɓi abokai waɗanda za su tsaya in ya tsaya, su kuma tsai da shi ran da shi da kansa bai san ya kamata ya tsaya ba.